Ƙwaya ko Zama da Ƙwararre: Wanne Ya Dace da Mai Lalurar Cin da Ba Ya Tsayuwa?

Wani dare cikin hunturun bara na kwana a gidanmu na cikin birni, kusa da Ƙofar Na'isa. Wajen ƙarfe ɗaya na fito tsakar gida, sai na hangi hasken waya a kicin. Ƙanwata ce, malamar firamare mai shekara 29, a tsaye gaban tukunya tana cin ragowar shinkafa da wake da sanyinta, da hannu, cikin sauri kamar wadda ake kora, ga ledar gurasa a gefe babu ko guda a ciki, alhali tare muka ci abincin dare kuma na ga ta ƙoshi. Da ta gan ni sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wallahi ba yunwa nake ji ba, kasa tsayawa nake yi." Daga baya ta shaida mini cewa ta fi shekara uku a haka, sau biyu ko uku a mako, kuma duk lokacin da Umma ta ce mata kwaɗayinta ya yi yawa, takan shige ɗaki ta yi kuka, washegari ta ƙi karyawa don ta hukunta kanta.

Abin da ke damunta lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma haɗama ba ce. Wani likita ɗan Amurka mai suna Albert Stunkard ya bayyana ta tun 1959, amma sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ma'aunin da likitocin Amurka suka gindaya shi ne mutum ya riƙa cin abinci mai yawan da ya wuce na mutane nesa ba kusa ba, a cikin ɗan lokaci kamar awa biyu, yana jin ba shi da ikon tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku. Galibi yana ci da gaggawa, yana ci ba tare da yunwa ba, yana ci a ɓoye saboda kunya, yana ci har cikinsa ya ɗaure, sannan nadama da tsanar kai su biyo baya. Wanda ya cika cikinsa da nama ranar Babbar Sallah ko a gidan biki, ya tashi yana dariya, ba shi ake nufi ba. Haka kuma wanda yake ci sannan ya jawo amai da gangan ko ya sha maganin gudawa don ya fitar da abin da ya ci, tasa lalurar daban ce, kuma maganinta ya ɗan bambanta.

Wanda ya gane cewa wannan ce ke damunsa, ko ke damun ɗansa ko matarsa, hanyoyi biyu ake yawan ɗora masa a gaba: ko dai ƙwayoyin maganin ciwon damuwa, ko kuma jinya ta hanyar zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ana tattaunawa bisa tsari. Na bi ƙanwata a kan hanyoyin biyu, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, kuma ra'ayina shi ne zama da ƙwararre shi ne ginshiƙin maganin, ƙwaya kuwa mataimakiya ce wadda a wasu lokuta ba a iya yi sai da ita. Amma a Kano samun ƙwaya ya fi samun ƙwararre sauƙi ƙwarai, don haka dole a dubi kowace hanya da idon basira.

Irin zaman da aka fi gwadawa a kan wannan lalura shi ne wanda ake kira CBT a taƙaice, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, kuma Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka tsara yadda ake amfani da ita ga masu matsalar cin abinci. Mutane da dama suna zaton nasiha ce kawai, a zauna a ce maka ka yi haƙuri ka rage ci. Ba haka abin yake ba. Aiki ne mai matakai, yawanci zama 16 zuwa 20, sau ɗaya a mako, kuma mafi yawan aikin a gida ake yinsa. Abu na farko da aka ba ƙanwata shi ne ta sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta riƙa rubuta duk abin da ta ci, da lokacin, da wurin, da abin da take ji a ranta kafin ta ci. Mako biyu kacal ta yi tana rubutawa sai zanen abin ya fito fili: ranar da ta fita makaranta ba ta karya ba, ta wuni da ruwan leda kawai da niyyar ragewa, daren ranar ne take afka wa tukunya, ranar da aka yi mata gori a kan jikinta ko a kan rashin aure, ita ma daren ranar ne.

Wannan shi ne sirrin lalurar, kuma shi ya sa na fi ba wa zaman muhimmanci. Mutum ya ci da yawa, ya ji kunya, ya ɗaura ɗamarar horar da kansa da yunwa, yunwar ta taru ta haɗu da ɓacin rai, da daddare igiyar ta tsinke, gari ya waye ya sake ɗaura ɗamara. Matakin da ke karya wannan kewayen yana ba mutane mamaki, domin ƙwararren ba cewa yake a rage ci ba, cewa yake a ci a kan lokaci: karin kumallo, abincin rana, abincin dare, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a bar awa huɗu ta wuce ba a sa komai a baki ba. Koko da ƙosai da safe, ɗan wake ko shinkafa da rana, gyaɗa ko dabino da la'asar, tuwo da daddare, a zauna a ci a kwano, ba a tsaye gaban tukunya ba. Bayan wannan ya zauna sai a koma kan abin da mutum zai yi idan sha'awar ta taso, tunda takan hau ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta idan aka jinkirta: ya yi alwala, ya fita tsakar gida wurin mutane, ya kira wani a waya, ya ɗauki wani aikin hannu. A ƙarshe a zo kan tunanin da ke ƙarƙashi, musamman auna darajar kai da sikeli, da kuma tunanin nan na cewa tunda na ci fanke ɗaya na karya doka, to bari in cinye duka.

Akwai wani nau'in zaman kuma da ake kira IPT, wanda ba ya tsayawa a kan abinci sosai, sai a kan dangantakar mutum da jama'arsa: rasuwar da ba a gama jimaminta ba, rikicin aure, zaman kishi, mutuwar aure, kaɗaicin amaryar da aka kai unguwa mai nisa. Bincike ya nuna shi ma yana aiki kusan daidai da na farko idan aka duba bayan lokaci mai tsawo, kuma ina ganin ya dace da yawancin matsalolin gidajenmu, sai dai masu yinsa sun fi ƙaranci.

Ƙwayoyin kuwa, waɗanda aka fi bayarwa su ne na rukunin SSRI, irin su fluoxetine da sertraline da escitalopram, masu aiki a kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Asalinsu na ciwon damuwa da fargaba ne, kuma suna iya rage yawan aukuwar cin a watannin farko. Falalarsu a bayyane take: sau ɗaya ake sha a rana, ba sa buƙatar zuwa asibiti kowane mako, ba sa buƙatar iya rubutu da karatu, kuma ga wanda baƙin ciki ya danne har ba ya iya tashi daga shimfiɗa, su ne ke ɗaga shi ya kai matsayin da zai iya yin aikin da ƙwararre zai ba shi. Amma ba sha yanzu magani yanzu ba ne, domin sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, alhali illolinsu tun makon farko suke bayyana: tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci ko yawansa, da raguwar sha'awar aure, wadda mutanenmu ke jin nauyin faɗa wa likita sai kawai su ajiye maganin. Ajiye shi farat ɗaya kuwa yana jawo jiri da rashin natsuwa, don haka a hankali ake janye shi, da sanin likita.

Gwajin da ya fi taimaka mini wajen auna hanyoyin biyu shi ne wanda Carlos Grilo da abokan aikinsa na Jami'ar Yale suka wallafa a 2005. Sun raba mutum 108 gida huɗu na tsawon mako 16: wasu aka ba su fluoxetine miligiram 60 a rana, wasu aka ba su ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta, wasu aka haɗa musu CBT da fluoxetine, wasu kuma CBT da ƙwayar da babu komai. Waɗanda irin wannan cin ya daina zo musu kwata-kwata a ƙarshen gwajin sun kai kashi 22 cikin ɗari a masu fluoxetine kaɗai, kashi 26 a masu ƙwayar da babu komai, kashi 50 a masu CBT da fluoxetine, da kashi 61 a masu CBT da ƙwayar da babu komai. Ma'ana, a wannan gwajin maganin shi kaɗai bai fi ƙwayar wofi ba, kuma ƙara shi a kan zaman bai ƙara komai ba. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma akwai wasu gwaje-gwajen da suka nuna ƙwayoyin suna da ɗan amfani na gajeren lokaci, amma inda bambancin ya fi fitowa shi ne bayan an gama: wanda ya koyi tsarin ci da dabarun riƙe kansa yana tafiya da su, wanda ya dogara da ƙwaya kaɗai kuwa sau da yawa abin yana dawowa idan ya daina sha. Saboda irin wannan ne hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2017, ta ce kada a ba mai wannan lalura magani a matsayin jinyarsa tilo, a fara da shirin taimakon kai ƙarƙashin jagorancin ma'aikacin lafiya, idan mako huɗu ya wuce babu ci gaba a koma CBT na rukuni, zama 16 a cikin wata huɗu.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan ƙiba, domin yawancin masu zuwa asibiti ita ce ke kai su. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu da ke sa rama ta a zo a gani. Zaman yana tsayar da cin, yana hana nauyin ci gaba da hauhawa, amma ba ya zubar da shi sosai, ƙwayoyin SSRI su ma haka. Wanda ya shiga da niyyar ramewa kafin biki zai ji an yaudare shi, ya koma wa shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok, ko ya koma yunwar da ita ce mafarin matsalar. Sai cin ya daidaita tukuna ake maganar rage nauyi, a hankali, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini. Akwai magunguna biyu da ba na ciwon damuwa ba waɗanda suke rage cin da nauyin tare. Lisdexamfetamine shi ne wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan lalura a 2015, amma dangin ƙwayoyi masu zaburarwa ne, yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, ana iya kamuwa da jarabarsa, kuma ba abin da za a nema a kemis ɗin unguwa ba ne. Topiramate kuma maganin farfaɗiya ne, yana kawo mantuwa da nauyin tunani, yana kuma iya yi wa ɗan tayi illa, don haka macen da ke iya ɗaukar ciki sai ta yi hattara ƙwarai.

A nan ne zancen Kano yake shigowa. Kafin mu kai ƙanwata asibiti, ta riga ta je wani kemis ta ce ba ta barci kuma ranta a ɓace yake, mai kemis ɗin ya ƙirgo mata amitriptyline a farar leda ba tare da takardar likita ba. Shi ma maganin ciwon damuwa ne, tsoho, mai araha, ana samunsa ko'ina, amma yana buɗe ciki yana ƙara ƙiba, ga shi da hatsari ga zuciya idan aka sha fiye da kima. Ta sami barci, cin kuma ya ƙaru, an gudu ba a tsira ba. Mirtazapine, wani maganin ciwon damuwar, shi ma haka yake ƙara ci. Wannan ya nuna cewa kalmar maganin damuwa ba abu ɗaya take nufi ba, kuma zaɓen wanda ya dace aikin likita ne da ya ji cikakken labari. Akwai ƙarin dalilai uku da suka sa nake jan kunne a kan sayen ƙwayar kai tsaye. Haɗa SSRI da tramadol, wanda ba baƙo ba ne a garin nan, yana iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa har da farfaɗiya. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 kuma an yi gargaɗin cewa tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa gare su a makonnin farko, don haka sai iyali sun sa ido. Sannan wanda yake da lalurar da ke sa mutum ya yi sama ya yi ƙasa, wani lokaci baƙin ciki wani lokaci zumuɗi da rashin barci da ɓarnar kuɗi, maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi.

Matsalar zaman ita ce samunsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, masana halayyar da suka ƙware a matsalar cin abinci kuwa sun fi haka ƙaranci. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma nan ne ya fi dacewa a fara tambaya. Sai dai sunan Dawanau kaɗai yana sa wasu iyaye su ja da baya, don tsoron kada a ce 'yarsu ta taɓu, maganar ta kai kunnen masu neman aurenta. Ga kuɗin adaidaita sahu mako bayan mako har wata huɗu, ga neman izinin maigida ko na wurin aiki, ga nauyin da mace ke ji ta zauna gaban namiji baƙo tana faɗa masa abin da ta ɓoye wa mahaifiyarta. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma wanda ya zaɓi ƙwaya saboda su ban ga laifinsa ba. Abin da zan ce shi ne a nemi mace ƙwararriya idan hakan ya fi sauƙi, a tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya, kuma ko da zama huɗu ko biyar kawai aka samu, littafin rubuta abinci da tsarin ci a kan lokaci ba sa buƙatar kuɗi, ana iya ci gaba da su a gida da taimakon wani amintacce.

Idan aka tambaye ni wa ya kamata ya fara da me, sai in duba abin da ya fi nauyi a kan mutumin. Wanda cin ne babbar damuwarsa, yana zuwa aikinsa ko kasuwarsa, yana barci, ɓacin ransa yawanci bayan cin yake zuwa, wannan ya fara da zaman, kuma mai yiwuwa ba zai buƙaci ƙwaya ba sam. Wanda baƙin ciki ya riga cin zuwa, ya daina jin daɗin komai, ya daina kula da kansa, yana kuka ba dalili, ko fargaba ta hana shi fita, wannan ya haɗa biyun, domin a nan ƙwayar tana maganin abin da aka yi ta dominsa. Wanda ya fara tunanin gara ya mutu ya huta, ba a jira wani mako, a kai shi asibiti a ranar. Wanda kuma babu yadda zai sami ƙwararre, ya karɓi maganin daga hannun likita, ya koma a duba shi bayan 'yan makonni, ya kuma riƙe tsarin cin nan tare da shi, kada ya zauna jiran ƙwaya ta yi masa aikin duka. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Kuma kafin komai a auna suga, a kuma faɗi duk wani abin da ake sha, domin ciwon suga yana kawo yunwa mai tsanani, haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, kuma waɗannan ba su ne lalurar da muke magana a kai ba.

Ƙanwata biyun aka haɗa mata. Likitar ta janye amitriptyline a hankali ta sa mata sertraline saboda damuwar da ta gano tana tare da ita, ta kuma tura ta wurin masaniyar halayya. Abin da ya fi ba ƙanwata tsoro shi ne azumi, domin wunin yunwa da faranti cike a lokacin buɗa baki sun yi kama da kewayen da take ƙoƙarin fita daga ciki. Tun cikin Sha'aban suka zauna suka tsara shi: kada ta bar sahur ko da ba ta jin ci, ta buɗa baki da dabino da ruwa da kunu, ta tashi ta yi magariba, ta dawo ta ci abinci a kwanonta tare da mutane, ta ɗan taɓa wani abu bayan tarawihi, sannan ta bar kicin. Likitar ce ta sanya mata lokacin shan maganin tsakanin buɗa baki da sahur. Azumin nafila na Litinin da Alhamis kuwa, da ta amsa da bakinta cewa rabin niyyarta ramewa ce, ta tambayi malaminta na Islamiyya, ta dakatar da shi zuwa lokacin da cinta zai daidaita. A cikin watan gaba ɗaya sau biyu abin ya kufce mata, ta rubuta su a littafinta da dalilinsu, ta kai wa masaniyar bayan Sallah. Umma ce yanzu take ajiye mata kokonta da safe, kuma ba ta barin ta fita makaranta sai ta ga ta sha.